Sandar da Ta Daina Rawa

Gadar ta girmi duk wanda ke aiki a kanta. Ta ƙarfe ce, irin mai sanduna a giciye ta sama da ta gefe, wadda in kana ƙetare ta a mota sai ka ji kamar ka shiga wani dogon keji. A gindinta, ta wannan gaɓar kogin, akwai wata kwantena da aka fasa wa taga aka mai da ita ofis. A nan Injiniya take wuni tana sauraron gadar.

Sauraron kuwa shi ne aikinta. An liƙa wa sandunan wasu 'yan na'urori, kowace ba ta fi akwatin ashana ba, kowace tana jin girgizar ƙarfen da take kai, ta aiko da labari ta waya zuwa kwamfutar da ke kan teburin Injiniya. Ma'aikata suna ce musu kunnuwa. A fuskar kwamfutar kowace sanda tana da layinta. In babbar mota ta wuce, layin ya ɗan zabura, ya koma ya kwanta. Can ƙololuwar gadar kuma akwai abin auna iska, mai 'yan kofuna da ke juyawa ba hutu.

Motoci ba su taɓa damun Injiniya ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne wasu sanduna huɗu da ke tsakiyar gadar, sirara, dogaye, masu zagaye kamar bututu. Ba guguwa ce ke tayar da su ba. Wata iska ce mai ladabi da ke biyo kogin a wannan lokaci na shekara, daga hantsi zuwa la'asar, wadda ko hular mutum ba ta turewa. In ta daki sanda sai ta rabu biyu, ta riƙa murɗawa a bayanta, ta ja dama, ta ja hagu, ta ja dama. Da zarar bugun nan ya zo daidai da yadda sandar ke son motsi, shi ke nan, sanda ta kama rawa, har da wani gurnani da ake ji a tafin ƙafa. Ƙarfe kuwa halinsa ɗaya da wayar da ake ɗaure kaya: ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ba da ƙarfi ba, a hankali dai, wata rana sai ka ga ta rabu a hannunka.

Bana rawar ta fi ta bara. An yi odar wasu na'urorin da za a ɗaura wa sandunan su shanye girgizar, amma ba za su iso ba sai iskar ta gama lokacinta. Darakta, mutum mai furfura da ƙarancin magana, ya kira Injiniya ofishinsa, ya duba layukan da ta buga a takarda, ya cire tabarau.

"In ba ki kawo min wata mafita ba kafin taron ƙarshen mako, rufe gadar za mu yi har iska ta wuce. Ke ce mai kunnuwan, ke za ki sa hannu."

"Haka ne, Yallaɓai," in ji ta. Ta san gaskiya ya faɗa, kuma da ita ce a kujerarsa abin da za ta faɗa ke nan.

Sai dai a wancan ƙetaren akwai Auta, ƙanwarta, da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Asibitin yana wannan gaɓar. Ɗanta na fari da aiki aka ciro shi, kuma likita ya ja mata kunne cewa da ta ji alamar naƙuda ta taho, kada ta tsaya jiran komai. Da gada, tafiyar ba ta kai a sha kofin shayi ba. In babu gada, sai an zaga ta wata hanya mai ramuka, a ci rabin yini.

Da Injiniya ta fito daga wurin Darakta, ta kira ta a waya.

"Auta, ki haɗa kayanki ki dawo wurina. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Wurinki? Yaya, ɗakin nan naki da ko kyanwa sai ta yi ribas kafin ta juya? In zo ni da wannan tulun da ke gabana, da ɗana, mu kwana a ina, kan littattafanki?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Shekara nawa kika yi kina karatun gada? In kin kasa lallashin sanda huɗu, ki mai da musu takardarsu. Ni dai ta kan gadar nan zan wuce, da ƙafata ma in na ga dama."

Ta yi dariya ta kashe wayar. Injiniya ta tsaya tana kallon wayar a hannunta. Tun suna yara haka Auta take, ba a kayar da ita a magana.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, iska ta taso kamar yadda ta saba. Injiniya tana zaune da burodi a hannu, tana kallon layuka huɗun nan suna hawa. Uku suka hau. Na huɗun ya ɗan yi motsi kamar mai juyi a barci, ya kwanta abinsa.

Ta ajiye burodin. Ta duba abin auna iska, yana juyawa daidai. Ta sake duba layin. Jiya wannan sandar ce ta fi kowace rashin ji. Ruwa ba ya tsami banza. Ko kunnen ya mutu, ko waya ta tsinke, ko kuma wani ya taɓa abin da bai kamata ba. Wa kuma ke saman gadar a makon nan in ba masu fenti ba?

Shugaban masu fentin kawunta ne, ƙanen mahaifiyarsu, wanda ya sha ɗora ta a wuya tana ƙarama. Ya kwashe shekaru yana kankare tsatsar gadar nan yana shafe ta, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Tun da aka kawo kunnuwan suke 'yar tsama da shi a wurin aiki. Akwai ranar da mutanensa suka shafe kunne guda da fenti tas, wai don kada ya yi tsatsa. Akwai ranar da suka rataya bokiti a jikin waya. Daga nan ta kafa doka: in an tashi aiki, kada a bar komai a saman gada, ko tsumma.

Ta sa hular kwano, ta ɗaura ɗamarar tsaro, ta rataya 'yar ƙaramar kwamfutar hannu a wuya, ta nufi tsani.

Sama duniya ce daban. Motoci suna wucewa a ƙarƙashin ƙafa, kogi yana ƙyalli ta tsakanin ƙarafa, warin fenti da na ruwa sun gauraya. Tun daga nesa take jin gurnanin sanduna ukun nan yana shigowa ta takalminta. Ta bi katakon da masu fenti suka shimfiɗa, tana maƙala ƙugiyar ɗamararta tana cirewa, har ta iso sanda ta huɗu. Kunnen yana nan lafiya, 'yar fitilarsa tana ƙiftawa. Waya ba ta tsinke ba. Amma sandar kanta, daga sama har ƙasa, an naɗe ta da igiyoyi uku masu kauri, kowace ta bi ta a murɗe kamar yadda tsiro mai yaɗo ke hawa itace.

"Kawu!"

Ya leƙo daga bayan wani ƙarfe da buroshi a hannu, gemunsa da ɗigon fenti. "Ranki ya daɗe. Yau manya ne a unguwarmu? Dogo, share wa shugaba wurin zama."

Dogo, abokin aikinsa na shekaru, wanda gajere ne ƙwarai, ya sa hannun riga ya goge katako da ladabin ƙarya.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Igiya ce, 'yar nan. Ko a makarantar ba a nuna muku ba?"

"Na ce kada a bar komai a sama."

"Ai ba bari muka yi ba, shanya muka yi. Jiya ta faɗa mana ruwa, ta jiƙe sharkaf. Jiƙaƙƙiyar igiya in ka tula ta a buhu ruɓewa take daga ciki, ranar da ka rataya a kanta ranar za ka sani. Mu haka muka tarar ana yi: a murɗa ta a jikin sanda, iska ta ratsa ta ko'ina."

"Ta dame min aunawa. Ina da taro a gabana, ga kunne yana ba ni labarin ƙarya. A cire."

"Ba ta gama bushewa ba."

"Kawu, don Allah a cire."

Ya dubi Dogo. "Ka ji ko? Yarinyar da na goya. A cire."

Dogo ya hau, ya kwance ƙullin sama, igiyoyin suka zubo ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana tarawa a kafaɗa yana ƙunƙuni. Injiniya ta dafa sandar da tafin hannu don ta leƙa kunnen da kyau.

A nan ta ji shi. Da farko kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Sai abin ya girma, ya ratsa tafinta, ya hau gwiwar hannunta, har haƙoranta suka ɗauka. Sandar da ke tsaye shiru yanzun nan ta shiga cikin 'yan'uwanta, tana rawa har gefenta na dishi-dishi a ido. Injiniya ta dubi 'yar kwamfutar da ke wuyanta. Layi na huɗu ya miƙe tsaye yana bin sauran.

Ashe kunnen bai yi ƙarya ba.

Ta ɗaga kai ta dubi abin auna iska. Iska ba ta sauya ba, kofuna suna juyawa yadda suke. Abu ɗaya ne kawai ya sauya, kuma ga shi can a kafaɗar Kawu yana ɗigar ruwa.

"Kawu," in ji ta a hankali, "a mayar."

"A mayar da me?"

"Igiyar. A mayar da ita yadda take."

Kawu ya sauke igiyar a kan katako, ya riƙe ƙugu. "Dogo, da kunnenka ka ji ta ce a cire?"

"Da kunnena."

"Yanzu kuma?"

"A mayar."

"To Allah ya ba mu haƙuri da masu ilimi."

Suka mayar. Dogo yana sama yana murɗawa, Kawu yana ƙasa yana ja. Injiniya ba ta ɗauke tafinta daga ƙarfen ba. Igiya ta farko ta hau, gurnanin ya ɗan yi rauni. Ta biyu ta hau, ya soma sarƙewa, ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Kafin a ƙulle ta uku, abin da ya rage a tafinta bai fi motsin mage mai barci ba.

Wata dariya ta kufce mata. Ta toshe baki, ta sake kufcewa.

"A cire!"

"La'ilaha!" in ji Kawu. "Yau mun haɗu da gamonmu."

Sauran masu fentin suka ajiye buroshi suka taru. A cire, sanda ta yi rawa. A mayar, sanda ta yi shiru. Kafin a jima abin ya zama wasa, suna amsa mata baki ɗaya kamar 'yan makaranta, wani ma ya kama taka rawa a kan katako duk lokacin da sandar ta tashi, in ta tsaya ya ƙame da ƙafa ɗaya a sama. Direban wata babbar mota ya leƙo ta taga ya ɗaga kai, ya ga mutane a sama suna shewa, ya danna musu ham ya wuce.

Da suka gaji, Injiniya ta zauna a kan katakon da Dogo ya goge mata, ƙafafunta na lilo a kan kogi.

"Kawu, ka taɓa lura da dogon bututun hayaƙi na masana'anta? Wanda aka yi wa wani ƙarfe a murɗe daga sama?"

"Na ɗauka ado ne."

"Ba ado ba ne. Iska in ta sami sanda sumul, sai ta haɗa baki daga sama har ƙasa, ta ja gefe ɗaya a lokaci ɗaya. In akwai abu a murɗe, sai baki ya rabu. Ta sama ta ja dama, ta tsakiya ta ja hagu, ta ƙasa ta rasa inda za ta. Mun karanta shi. Na ma rubuta jarrabawa a kansa. Ina can ƙasa ina jiran kaya daga ƙasar waje, ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba cewa igiya za ta iya."

"To ni ma ban san ina raba kan iska ba," in ji Kawu. "Ni dai shanya na yi."

"Faɗuwa ce ta zo daidai da zama," in ji Dogo.

"Amma ki faɗa wa Darakta ni na ƙirƙiro," in ji Kawu.

"Zan faɗa masa ka karya doka."

"Duk ɗaya ne, in dai an ambace ni."

Darakta bai yi tsallen murna ba da ta kira shi. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce sanda ɗaya a yini ɗaya ba hujja ba ce, kuma shi ba zai ɗora rayukan mutane a kan shanyar wani ba. Ta ce ita ma haka ta gani. Suka shirya: a samo sababbin igiyoyi masu jure rana da ruwa, a naɗe sanduna uku, a ɗaure su da maɗaurin ƙarfe sama da ƙasa, a bar ɗaya tsirara don a kwatanta. In iskar ta zo da wani salo igiya ta kasa, magana ta koma inda take.

Kwanakin da suka biyo baya Injiniya ba ta da aiki sai kallon kofuna da layuka. In iska ta makara sai ta fito ƙofar kwantena tana leƙen kogi kamar mai jiran baƙo. Kawu ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi wata guda yana tsine wa iska ba, ya dawo yana roƙon ta zo. Shi kuwa ya tsaya kai da fata a kan naɗin. In tazarar murɗin ta yi faɗi, ita ce ke cewa a matse. In ƙulli bai yi masa ba, shi ke sa a kwance, ko da ita ta ce ya isa. Sau biyu suka yi musu har Dogo ya shiga tsakani.

Iskar ta zo, ta sake zuwa. Wata rana da ƙarfi, wata rana a karkace. Kowane zuwa, sanda tsirara ta yi ta haukanta ita kaɗai, ukun nan kuwa su ɗan yi rawar kai su natsu, can ƙasa da jan layin da ke nuna haɗari.

Ranar taron Darakta bai jira a kai masa takarda ba, da kansa ya zo. Ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ai daga kwantena ma ana gani sarai. Kawu ya yi tayin goya shi. Darakta ya yi kamar bai ji ba. Ya zauna a gaban kwamfuta daga hantsi har rana ta karkata, yana tambaya ana ba shi amsa, ya sa aka naɗe ta huɗun a gaban idonsa, ya ga layinta ya sauko ya kwanta kusa da sauran.

Ya cire tabarau ya goge.

"Gada za ta zauna a buɗe. Kullum da safe a hau a duba igiyoyin da inda sandunan suka haɗu da jikin gadar. Ranar da layi ya taɓa ja, ba sai kin kira ni ba, ki rufe. In kayanmu sun iso, a ɗaura su." Ya miƙe, ya dubi Kawu da ke ƙofa. "Kai kuma, in za ka sake karya doka, ka riƙa sanar da mu tukuna."

"In sha Allahu, Yallaɓai. Akwai wasu ma da nake da niyya."

Injiniya ta so ta kira Auta, har ta ciro waya, sai ta mayar. Ta cire hular kwano, ta bi gefen masu ƙafa ta ƙetare gadar da kanta. A tsakiya ta ɗan tsaya. Iska tana kaɗa gyalenta, motoci suna wucewa, ƙarƙashin tafin ƙafarta kuwa shiru. Ji ta yi kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha.

Gidan Auta yana bayan wani shagon gyaran babura, hawa na biyu. Ta yi sallama ta tura ƙofa, ƙofar ta buɗe rabi ta tsaya. Ta leƙa. Akwatuna biyu ne a bayan ƙofar, da ƙatuwar jaka, da katifa a naɗe an ɗaure ta da zani, da bokiti cike da tukwane, da jakar makarantar yaron a sama. An sauke labule. Auta tana zaune a kan kujera ɗaya tilo da ba a ɗora wa kaya ba, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, idanunta sun yi ja.

"Wannan fa?" in ji Injiniya.

"Shara nake."

"Da katifa a ɗaure?"

Auta ta kau da kai. "Tun ranar da kika kira nake haɗawa. Kullum in ɗan ƙara. Na ce in kin sa hannu, ba sai kin zo kina roƙona ba, ki ji da abu ɗaya." Ta ja hanci. "To faɗi mana. Yaushe za a rufe?"

"Ba za a rufe ba."

Auta ta juyo a hankali. "Yaya, kada ki yi min wasa, kin ga halin da nake ciki."

"Wallahi. Yanzu na ƙetaro ta da ƙafata."

Auta ta rufe fuska da tafuka biyu. Kafaɗunta suka kama rawa, Injiniya ta kasa gane kuka ne ko dariya, sai ta tsallake bokitin ta durƙusa ta rungume ta, iyakar inda hannu ya iya zagayawa. Suka daɗe a haka. Yaron ya fito daga ɗaki ya tsaya yana kallonsu, ya ga ba abin ci ba ne, ya koma.

Can Auta ta ture ta, ta share ido da bakin zani, ta nuna tulin kayan da haɓa.

"To tashi. Ke kika sa na haɗa, ke za ki kwance. Fara da tukwanen, yunwa nake ji."